Shirun da Kawu Chomba Ya Yi

Kitwe,
watan Fabrairu.

Zuwa ga yayana Bashi Kangwa, a Francistown.

Gaisuwa ce ta ƙanwa zuwa ga wanta, cikin ladabi da kewa mai yawa. Ina roƙon Ubangiji ya sa takardar nan ta same ka lafiya, kai da matarka Bana Kangwa da yara gaba ɗaya. Ya kuma ƙara maka sauƙin idon nan da aka yi wa aiki, ya raba ka da komawa gadon asibiti. Kullum in na durƙusa addu'a sai na ambaci sunanka, domin a cikin waɗanda mahaifiyarmu ta haifa, mu biyu kaɗai muka rage.

Mu nan muna nan daidai gwargwado. Ruwa ya sauka sosai bana, masarar da na shuka bayan gida har ta fi ni tsayi, sai dai yaran unguwa sun fara ɗanɗana mini ita tun ba ta gama nuna ba. Gwiwata tana nan da halinta, in hadari ya haɗo ita ke fara sanar da ni. Jikata Nsofwa ta shiga makaranta, kuma ba ranar da ba ta dawowa da takalmi ɗaya a ƙafa ɗaya a hannu. Kawu Chomba ya tsufa ƙwarai, kunnen ma ya yi nauyi, ko da yake da can in an ɗora tukunya ba ya bukatar a faɗa masa.

Yaya, ka tambaye ni a waya me ya hana a yi zaman dangi a kan mutuwar ɗana Lombe har yau, ga damina ta biyu tana shirin wucewa. Na ce maka layi ba kyau. Layi lafiyarsa lau, ni ce na san in na fara magana zan ɗaga murya har maƙwabta su fito. Lokacin rasuwar kana kwance ido a ɗaure, aka yi ta ba ka labarin gutsi-gutsi don kada hankalinka ya tashi. To yanzu ka warke, kuma kai ne kawunsa, maganarka ce ke yanke hukunci a kansa. Don haka zan zayyana maka komai, in raina ya ɓaci a tsakiya ka yi haƙuri da ni.

Ka san Lombe da sayen tsofaffin ƙarafa don aikin waldarsa. A cikin wani buhu da ya saya aka ga wayar jan ƙarfe, aka ce ta sata ce, 'yan sanda suka zo shago suka tafi da shi a gaban kwastomominsa. Ƙarshen mako ne, aka ce ba beli sai an dawo aiki. Ran Lahadi bayan coci matarsa Chibesa ta tuƙa nshima, tuwon masararmu, ta yi miyar ganyen kabewa da gyaɗa wadda yake so, ta kai masa bayan kanta. Ta same shi zaune a ƙasa ya jingina da bango. Ya kasa ɗaga hannu ya yanki loma, ita ta riƙa ba shi a baki ta tsakanin ƙarafa, bai ci wani abin kirki ba ya ce ya isa. Ta tambaye shi me aka yi masa, ya dubi ɗan sandan da ke tsaye a kansu, ya ce ta je gida ta kula da yarinya. Washegari aka aiko mana wai mu je mutuware. Wai sanyi ne ya kama masa huhu, kafin a kai shi asibiti rai ya yi halinsa. Yaron da ke ɗaukar ƙyauren ƙarfe shi kaɗai, wai sanyin kwana biyu ne ya kashe shi.

A nan ne abin ya lalace mana, kuma ina so ka karanta wannan wurin a tsanake. Da muka isa mutuware, likitansu ya riga ya duba gawar ba tare da kowa namu a wurin ba. Wani ɗan sanda mai igiya a hannun riga ya fito da takardar izinin binnewa, ya durƙusa ya gaishe da Kawu Chomba da harshenmu, gaisuwa irin ta ɗan gida mai tarbiyya. Sannan ya tambaya a hankali ko dangi suna da wata magana a kan wannan mutuwa. Chibesa ta yunƙura za ta yi magana, Kawu ya ɗaga mata hannu. Ya ce matar mamaci ba ta buɗe baki gawa na kwance a waje, kuma mu ba ma tambayar abin da ya kashe mutum sai ya shiga ƙasa, sannan dangi su zauna a faɗa. Ya faɗi abin da kai ma za ka faɗa da kana wurin, abin da aka yi wa mahaifiyarmu, aka yi wa mijina. Ɗan sandan ya tafa hannu cikin girmamawa, ya ce haka ne Baba, gaskiyarku. Ya miƙa mana takarda muka ɗauki ɗanmu.

Ba Shawa maƙwabcinmu ne ya wanke shi, tunda shi mutumin gabas ne, abokan wasanmu, kuma aikin gawarmu nasu ne. Ka san bakin Ba Shawa a gidan makoki, shi ne mai bi yana zuba wa mutane gari a ka, yana tsokanar mu, wai masu cin biri an ragu da ɗaya. Ran nan ya fito daga ɗakin wankan bai tsokani kowa ba, ko garin bai taɓa ba. Sai bayan an dawo daga maƙabarta ya ja ni gefe. Ya kira ni da sunan ɗana, ya ce Bana Lombe, na wanke gawa ba adadi a garin nan, na san ta mai ciwo, na san ta wanda mota ta buge, wannan ta wanda aka daka ce. Ya ce tafin ƙafafunsa biyu sun kumbura sun yi baƙi, wuyan hannunsa duk sawun ɗauri, kuma gefen ƙirjinsa in ka danna sai ya lotsa.

Da safe dangi suka zauna a tsakar gida kamar yadda aka saba, Chibesa na kan tabarma a tsakiya da baƙin ɗankwali. Kawu Chomba ya miƙe zai faɗi abin da ya kashe Lombe, ba shi da komai a hannu sai abin da likitan ya rubuta. Bai gama ba gwaggon Lombe, Bana Mpundu, ta yi tsaki. Ta ce ita ba ta yarda da zancen sanyi ba, amma a daina kewaye-kewaye, wa ya ba shi abinci na ƙarshe? Mutum ya shiga da ƙafarsa, ya ci abincin matarsa, gari ya waye babu shi, wai sai an kira boka kafin a gane? Ba Shawa ya faɗi abin da ya gani, ta ce ai guba ma tana baƙanta jiki. Wuri ya kaure, wasu na nan wasu na can, yarinyar nan tana zaune kanta a ƙasa, hawaye na ɗiga a kan tabarma. Ni na tashi na ce a watse. Na ce ba za a sake zama ba sai alƙalin binciken mutuwa ya zauna, ya kira likitan da 'yan sandan, an faɗa a gaban kowa abin da ya kashe ɗana, a wanke surukata da bakin hukuma. Fadan cocinmu ne ya gaya mini doka ta tanadi wannan zaman ga duk wanda ya mutu a hannun hukuma. Na ɗauka abu ne na ɗan lokaci.

Yaya, tun ran nan nake yawo. Na je kotu aka ce fayil yana wurin 'yan sanda. Na je wurin 'yan sanda aka ce sun aika hedkwatar lardi. Na shiga mota na je hedkwata, aka ce wanda ke riƙe da makullin kabad ya tafi kwas. Da ya dawo, fayil ya koma kotu, da na koma kotu, an yi wa majistaren canjin wurin aiki, sabon kuma bai san da zancen ba. Sau ɗaya aka sa rana, na ɗinka wa Chibesa baƙar riga, muka je tun da sassafe muka zauna har rana ta take, sai wani ya leƙo ya ce likita bai samu zuwa ba, a saurari sanarwa. Har yau muna saurare. 'Yan sandan da suka kwana da ɗana kuwa, an watsa su, wannan arewa, wancan kudu, ɗaya ma na ji an ƙara masa girma. Kowa a ofisoshin nan “Mama” yake ce mini, kowa sai ya jawo mini kujera. Ban taɓa ganin inda ake wulaƙanta mutum da ladabi irin wannan ba.

Abin da ya fi ƙona mini rai a kotun shi ne ranar da na tafi da Ba Shawa don a rubuta shaidarsa. Ya sa kwat ɗinsa ta zuwa coci, ya goge takalmi. Akawun da muka samu ɗan yarenmu ne, da jin sunan Shawa sai ya washe baki. Ya ce a'a, yau masu cin ɓera ne a kotu, ko na gona sun ƙare ne ka biyo waɗanda ke cinye mana fayil? Sauran ma'aikatan suka kwashe da dariya. Ba Shawa, wanda ba a taɓa kayar da shi a wasa ba, ya ce masa ɗana, yau ban zo wasa ba, gawa na wanke. Akawun ya ƙara shewa, ya ce ai ku kullum haka kuke, ku da kuke tsayawa bakin kabarinmu kuna cewa mamacin ya sace muku akuya, wa zai rubuta maganarku a kan gawarmu? Ya ce Baba je ka gida, in an bukace ka za a neme ka. Muka fito, tsohon nan ya tsaya bakin titi ya cire hula yana jujjuya ta. Ya ce Bana Lombe, duk tsawon zamanmu ina zagin ku kuna ramawa, yau na so a ce ban taɓa yi wa kowa wasa ba a rayuwata.

A bencin kotun nan na gane ba ni kaɗai ba ce. Akwai wata mata da mijinta ya mutu a ramin haƙar ma'adinai, aka ba ta akwati a rufe aka ce kada ta buɗe. Akwai wani dattijo da 'yarsa ta shiga asibiti da ciwon haƙori aka fito da gawarta, shi ya riga mu duka fara zirga-zirga, har masu gadi sun san irin biskit ɗin da yake zuwa da shi. Muka haɗa kai, coci ta ba mu mota, muka tafi Lusaka. Wani babba mai taushin murya ya karɓe mu, aka kawo shayi da burodi, ya ce mu ne iyayensa, kukanmu kukansa ne, za a kafa kwamiti. Aka jera mu aka ɗauki hoto, ni aka sa kusa da shi saboda na fi kowa furfura. Hoton ya fito a jarida, an rubuta gwamnati ta saurari iyalan mamata. Dattijon nan ya rasu kafin Kirsimeti, bai ji komai daga kwamitin ba.

Makon jiya aka kira ni. Wata lauyar gwamnati ce, yarinya sa'ar Lombe, ta ba ni kujera ta ce an duba, an ga babu dalilin yin zama. Likita ya ce ciwo ne, kuma an tambayi dangi tun a mutuware, babban gida ya ce ba su da magana. Ta ce da muna da shakka, ai ranar ce ya kamata mu faɗa, kafin a binne, yanzu ko an tono ba abin da za a gani. Yaya, na ji jini ya hau mini kai. Na ce mata 'yata, wane yare ne ke? Ta faɗa, ashe ma yarenmu ɗaya, daga wajen Kasama iyayenta suke. Na ce to ranar da mahaifinki zai mutu, Allah ya ja kwanansa, za ki tsaya a kan gawarsa kina tuhumar mutane kafin a binne shi? Ta sunkuyar da kai. Na ce ɗan sandan da ya tambaye mu da harshenmu ya tambaye mu, ya durƙusa, ya tafa hannu, ya ce gaskiyarku Baba. Ya san sarai abin da tsoho zai ce, shi ya sa ya tambayi tsoho bai tambayi matar ba. Kun zo mana da tambaya a ranar da kuka san bakinmu a ɗaure yake, kuka rubuta shirunmu a matsayin yarda. Ta ce Mama ki yi haƙuri, ba ni na yanke ba. Na ce na sani, a gidan nan naku ba wanda ya taɓa yanke komai, abubuwa da kansu suke yankuwa.

Kada ka ga laifin Kawu Chomba, ni ma ban gani ba. Wani mai dogon baki ya je ya gaya masa abin da lauyar ta ce, yanzu sai an lallaɓa shi yake cin abinci, yana ta cewa shi ya rufe bakin yarinya. Na ce masa Kawu, ka bi abin da iyayenmu suka bar mana, waɗanda suka ɗauke shi suka yi mana tarko da shi su za su amsa a gaban Allah. Ba zan daina ba. Coci ta haɗa ni da wani lauya da ya ce ana iya kai kuka babbar kotu, zan kai, ko da rarrafe ne. Amma ya gaya mini gaskiya, abu ne na shekaru, kuma ba tabbas.

Wannan ya kawo ni ga Chibesa, wadda saboda ita na ɗauki biro. Ka fi ni sanin cewa ba ta da ikon cire baƙin ɗankwalin nan, ko ta dafa wa dangi abinci, ko ta koma gidansu, balle ta yi tunanin wani aure, sai dangin miji sun zauna sun sake ta. Ni na hana zaman, don ina so hukuma ta wanke ta fes, ga shi hukuma ta bar ta a rana. Zancen Bana Mpundu kuwa ya bi unguwa ya shiga kasuwa. Ka tuna layin da ake yi a kan fankenta bakin tasha? Yanzu sai ta wuni ta dawo da shi a roba. Kwanan baya wani yaro ya saya, uwarsa ta buge shi daga hannunsa a gaban jama'a, ta ce so kake ka bi mijinta? Ta dawo gida ba ta gaya mini ba, a bakin mutane na ji. Ta rame har zanin ba ya zama a ƙugunta. Duk da haka ita ke ɗebo mini ruwa, ita ke shafa mini magani a gwiwa, ba ta taɓa tambayata sai yaushe ba. Da ma tana tambaya da na fi samun sauƙi.

Mahaifinta ya zo daga Mporokoso cikin watan jiya. Mutum ne mai kunya, ya zauna a bakin ƙofa ya ƙi shiga ciki. Ya ce Bana Lombe, na ba ku 'ya mai dariya, ina jin labarin abin da ta koma tun daga can. Ya ce in Ista ta wuce ba a sake ta ba, zai zo ya ɗauke ta haka nan da baƙin ɗankwalinta, ita da Nsofwa, abin da zai faru ya faru. Ka san ma'anar wannan. Macen da ta bar gidan miji ba a sake ta ba, har ta mutu ana nuna ta da baki, ba namijin da zai kusance ta, kuma zargin nan ya zauna mata ke nan, ya bi 'yarta. Ban ga laifinsa ba, domin da 'yata ce da tuni na zo na ɗauke ta.

Saboda haka Yaya, ka nemi hutu ka zo kafin Ista. Kada ka aiko da saƙo, kada ka wakilta kowa, Bana Mpundu ba za ta yi shiru don saƙon waya ba. Ka tara dangi, namu da na ubansa. In ka miƙe za ka faɗi abin da ya kashe Lombe, na roƙe ka da girman Allah kada kalmar ciwo ta fito daga bakinka. Ka ce ya shiga hannun hukuma da ƙafarsa ya fito gawa. Ka sa Ba Shawa ya faɗi abin da hannunsa ya taɓa, a saurare shi ba dariya. Ka bar Chibesa ta faɗi abin da aka hana ta faɗa a mutuware, tun daga farko har ƙarshe, ba mai katse ta. Ka ce waɗanda suka san sauran sun ƙi zama su faɗa, kuma wannan tsakaninmu da su ne, babu hannun yarinyar nan a ciki. Sannan ka shafa mata farin gari a goshi, ka ɗaura mata farin dutsen ado a wuyan hannu, ka ce ta tashi, ba mu riƙe ta da komai ba. Na so ƙwarai a ce alƙali ne zai wanke ta, a rubuce, da hatimi. Sun hana ni sanin yadda ɗana ya yi numfashinsa na ƙarshe, amma ba zan bari su haɗa da matarsa ba.

Ka gaishe mini da Bana Kangwa, ka ce na gode da maganin gwiwar da ta aiko. Ka gaishe da Kangwa da matarsa da jaririnsu da ban gani ba tukuna, da Katongo, da autarku Lwipa, a ce mata ta dage da karatu. Kawu Chomba yana gaishe ka, ya ce ka yi sauri ka same shi. Ba Shawa ya ce a gaya maka in za ka zo kada ka taho masa da ƙafar biri, wannan ne wasan farko da na ji daga bakinsa tun ranar kotu. Chibesa ba ta san na rubuta maka ba.

Abu ɗaya ya rage. Ranar, da zarar ka sake ta, ita za ta shiga kicin ta tuƙa wa taron nan nshima da hannunta. Za a ajiye kwanon a gabanka, Bana Mpundu na kallo, unguwa na leƙe ta katanga. Kai za ka fara sa hannu, ni in bi bayanka. Kada ka ci komai a hanya, Yaya, ka zo da yunwarka.

Ubangiji ya kawo ka lafiya.

Ni ce ƙanwarka,
Bana Lombe.